Mutane ne suka gina Machu Picchu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Raina ya ɓaci da shirinku na daren Asabar, kuma har yau bai huce ba. Sau uku mai gabatarwa yana nanata wai babu wanda ya san yadda Inka, mutanen tsohuwar daular ƙasar Feru, suka jera duwatsun garinsu na kan tsauni, Machu Picchu, daga ƙarshe ya ce wataƙila wasu halittu ne suka sauko daga sama suka yi aikin. A gidan rediyon da muke girmamawa!

Ni magini ne, ɗan magini, na haura shekara 30 a sana'ar. Ina yaro mahaifina ya koya mini gyaran dutsen harsashi. A ɗora shi, a duba inda ya cije, a sauke, a sassaƙe, a sake ɗorawa. Wani dutsen sai an yi masa haka sau goma kafin ya zauna. Da ɗana, mai karatun binciken kufai a jami'a, ya nuna mini hotunan bangon Kusko, babban birnin Inka, inda ko reza ba ta shiga tsakanin dutse da dutse kuma babu kwaɓi ko kaɗan, hannun ɗan'uwana magini na gani. Ga tabon duka nan a jiki, manya a tsakiya, ƙanana a gefe inda aka bi a hankali. Da duwatsun rafi masu tauri suka riƙa dukansa. Wani masanin gine-gine, Jean-Pierre Protzen, ya gwada hakan da hannunsa a shekarun 1980, dutsen kuwa ya gyaru.

A Ollantaytambo, wani garin Inka, wurin da suka fasa dutse yana nan a hayin kogi, hanyar da suka ja shi tana nan, har da manyan duwatsun da aka bari a tsakiyar hanya, waɗanda mutanen wurin ke kira gajiyayyun duwatsu. Ɗan Adam ne ke barin kaya a hanya. Masu jan ma an san su: kowane gari yakan ba da mazaje su yi wa sarki aiki na ɗan lokaci a madadin haraji, shi ne mit'a. Da irin wannan aka gina Machu Picchu wajen 1450, zamanin Sarki Pachacuti. Ko Hiram Bingham, Ba'amurken da ya sanar da duniya labarin wurin, da kuka yi ta yabo, manomin yankin ne ya nuna masa hanya a 1911, ya kuma tarar da mutane suna noma a wurin.

Abin ya taɓa ni ne don an taɓa yi mini. Na gama wani soro mai bakan gizo, wani baƙo ya zo ya daɗe yana kallon sama, sannan ya tambaye ni, ni da ƙasa ke hannuna, wane injiniya aka ɗauko daga waje. Na kwana ban yi barci ba. Abin da kuka yi wa miliyoyin masu jin harshen Kecuwa a Feru da Bolibiya ke nan, game da aikin kakanninsu.

Haka kuma mai gabatarwar ya ce mutanen Mesa Verde, wani tsohon mazauni a Amurka, sun ɓace. Ina suka ɓace? Ƙaura suka yi kafin 1300, a lokacin farin da aka karanta shekarunsa, 1276 zuwa 1299, a zoben itatuwa. Jikokinsu, ƙabilun Hopi da Zuni da Acoma, suna nan da ransu, kuma ba sa son sunan Anasazi da ya yi ta kiransu da shi, domin kalmar wata ƙabila ce daban, Nabaho. Mutanen da suka ɗauko itacen rufin Chaco, wani tsohon mazauninsu, daga duwatsu masu nisan fiye da kilomita 70, ba jaki ba doki! Duk wanda ya taɓa saɓa azara a kafaɗa ya san abin da nake faɗa. Don Allah ku gayyato malamin tarihi a gyara maganar nan a shiri na gaba.

Sai kuma layin wayarku. A daren na kira sau huɗu, ana ɗagawa a ajiye ni ina jin kiɗa har katina ya ƙare. In ba za a saka mu ba, a daina ɗagawa.

Naku mai sauraro,
wani magini daga Zariya