Hasken da Ya Tona Asirin Ƙwayar Ciwon Barci, da Rabonmu a Cikinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in jawo hankalin hukumomin iliminmu ga wani fanni da ba a cika maganarsa a nan gida ba, wato fasahar dunƙule ilektaron, ƙananan ƙwayoyin nan da ke ɗauke da lantarki, a cikin injin da ke ba su gudu har su fitar da hasken eksre mai tsananin ƙarfi.

A birnin Hambag na ƙasar Jamus akwai injin European XFEL, wanda aka buɗe a 2017, mai tsawon kilomita 3.4 a ƙarƙashin ƙasa, kuma yana iya walƙawa sau 27,000 a daƙiƙa guda. Gudu kaɗai ba ya samar da wannan haske, domin ilektaron ƙwayoyi ne masu ture juna, kullum neman watsewa suke yi. Saboda haka injiniyoyi sukan ba na bayan ayari ƙarfi fiye da na gaba, sannan su bi da su ta tsakanin maganaɗisu huɗu da ke karkatar da hanya. Masu ƙarancin ƙarfi sukan yi dogon zagaye, masu ƙarfi su yanke, har na baya su cim ma na gaba, curin ilektaron ɗin da tsawonsa ya kai 'yan milimita ya tsuke ya koma bai kai kaurin gashi ba. Daga nan curin zai ratsa dogon jerin maganaɗisu da ke sa shi tafiyar maciji, yana tafe yana fitar da haske, hasken kuma yana komawa kan ilektaron ɗin yana jera su sahu-sahu. Da zarar sun jeru sai su haskaka baki ɗaya, ilektaron goma su ba da hasken da ɗari ke bayarwa a warwatse. Idan ina bayyana wa ɗalibaina wannan, nakan ce su kwatanta hayaniyar kasuwa da amsa amin a masallacin Juma'a.

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan, alhali wutar lantarki ma ba ta ishe mu ba. Ruwanmu kuwa babba ne. A 2012 masana suka yi amfani da irin wannan inji da ke Kalifoniya ta Amurka, wanda ya fara aiki a 2009, suka gano surar wani sinadari da ƙwayar ciwon barci ke amfani da shi wajen narkar da furotin, ƙwayar da ƙudan tsando ke yaɗawa, wadda danginta ke sa wa shanunmu sammore. Walƙiyar gajera ce ƙwarai, ta yadda takan ɗauki hoton abu kafin zafinta ya tarwatsa shi, kuma da irin wannan hoto ne masu haɗa magani ke sanin inda za su kama cuta. Abin yana damuna matuƙa, a ce cutar tamu ce, cibiyar bincikenta tana Kaduna shekara da shekaru, amma idon da ke ganin cikinta yana wata nahiya.

Har yau Afirka ba ta da babban injin haske ko ɗaya, ko da yake masananta sun taru a Faransa a 2015 domin fara shirin gina shi. Ƙasashen Gabas ta Tsakiya kuwa, duk da rashin jituwarsu, sun haɗa kai sun buɗe nasu babban injin haske mai suna SESAME a Jodan a 2017.

Ban ce Nijeriya ta haƙa ramin kilomita uku gobe ba. Amma lissafin yadda ake tsuke curin ilektaron a kwamfuta ake fara koyonsa, kuma ɗalibin Zariya ko Kano ko Yamai zai iya. Roƙona shi ne hukumomin da ke ba da tallafin karatu su ware guraben digiri na biyu da na uku a wannan fanni, su tura matasanmu Hambag da Jodan su yi aiki da hannunsu a jikin waɗannan injuna.

Naka,
Wani malamin kimiyya, daga Zariya