Godiya Ga Kamfanin Da Ya Kawo Mana Na'urar Auna Kalsiyam

Assalamu alaikum.

Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare. Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin yaba kyauta tukwici.

Da na'urarku ta iso, zumuɗi ya sa na tsoma ta cikin ruwa nan take. Lambobin suka yi ta hawa da sauka kamar ba za su tsaya ba, ɗalibai talatin sun zuba mini ido. Washegari na kira ofishinku raina a ɓace, ina cewa kun aiko mana da lalatacciya. Injiniyar da ta ɗauki wayar ba ta yi mini gardama ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Malam, ka jiƙa bakinta kafin ka fara?" Ashe laifin nawa ne.

Ta zauna ta bi da ni daki-daki. A bakin na'urar akwai wani siririn tantani da ke jin kalsiyam, kuma sai ya sha ruwan ma'auni mai yawan kalsiyam na kamar minti 30 kafin ya natsu. Daga nan a saita ta da ruwa biyu da aka san adadin kalsiyam ɗin da ke cikinsu, mai miligiram 1000 a lita da mai miligiram 10. Tsakanin kowane awo a ɗauraye ta da tataccen ruwa, a ɗan taɓa ta da takarda mai laushi, kada a goge. Ko ƙwayar kumfa ɗaya ta maƙale a tantanin, awon ya ɓaci. Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar gane lafiyarta: duk sanda kalsiyam ya ninka sau goma, wutar da take karantawa kan motsa da kusan milibolt 29. In ta gaza haka sosai, tantanin ya tsufa, sai a sauya shi.

Mako na gaba muka auna ruwan sama, na famfo da na rijiya. Na rijiya ya fi yawan kalsiyam, kuma yaran da kansu suka gano dalili: ruwan da ya ratsa dutsen farar ƙasa, wanda ke ɗauke da kalsiyam, yakan narkar da shi kaɗan-kaɗan. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, to shi ya sa sabulu ke ƙin kumfa, farin ɓawo kuma ke taruwa a gindin butar shayi. Shekaru ina rubuta wannan a allo, ban taɓa jin ya fito daga bakin yaro ba sai ranar.

Injiniyar ta kuma ja kunnena cewa na'urar ba ta ƙirga magnesiyam, wani sinadarin da shi ma ke hana sabulu kumfa, don haka kada mu ce mun auna taurin ruwan, wato yawan waɗannan sinadarai a cikinsa, gaba ɗaya. Mai son sayar da kaya kawai ba zai faɗi iyakar kayansa ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa kasuwarku albarka. Don Allah ku isar mata da gaisuwar ɗalibaina.

Naku,
Malamin kimiyyar sinadarai