Zuwa ga kamfanin da ya rantse ba ya ajiye bayananmu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na fito da maganar nan fili ne saboda jiya sau huɗu ina kiran lambarku, tana ƙara har ta katse, ga kuma amsar da ma'aikacinku ya aiko min ranar 19 ga Fabrairu da har yau take ci min rai.

Ina da shagon intanet a unguwar Ali Ɗan Sofo, kwamfuta tara. Yawancin masu zuwa ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne, sai ƴan kasuwa masu aika takardu Kano da Kwatano. Wata takwas ke nan ina biyan ku jika 6 kowane wata don ku riƙe min DNS ɗin shago, in toshe shafukan batsa da na caca kafin yara su faɗa ciki. Abin da ya ja ni gare ku shi ne alkawarin da kuka rubuta da manyan baƙaƙe, cewa ba ku ajiye komai game da inda mutum ya shiga.

Ga wanda bai sani ba, DNS kamar ɗan kamasho ne a tasha. Ka faɗa masa garin da za ka, ya nuna maka mota. Ba ya ganin abin da ke cikin jakarka, amma ya san inda kowa ya nufa da lokacin da ya tashi. Shi ya sa a 2016 da 2018 aka fito da hanyoyin rufe wannan tambaya, DoT da DoH, har Android 9 ta sa abin cikin waya. Sai dai rufewar daga masu leƙe a hanya kawai take kare mu. Ɗan kamasho kam kunnensa na jin komai, don haka amana ce tsakaninmu da ku.

A farkon Fabrairu wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi ya zo duba asusunsa, banki ya kulle shi nan take, wai an shiga daga Holan. Dattijon nan yana zaune gabana, hularsa a gwiwa, yana tambayata ko na sayar da lambar sirrinsa. Kwana uku yana kai da kawo kafin a buɗe masa. Da na bincika, ashe maimakon ku ba kwamfutata adireshin bankin, adireshin wata na'urarku ta Turai kuka ba ta, komai ta can yake bi. Ɗan kamasho ya cusa fasinja a motarsa ke nan. Na san kuna da wannan tsari don masu son kallon tashoshin wata ƙasa, amma wallahi ban taɓa kunna shi ba.

Na rubuta muku ban san iyaka ba. Sai ranar 19 ga wata, ƙarfe 4 da minti 12 na yamma, amsa ta iso: "Mun duba, kwamfutarka ta 4 ta nemi shafin bankin ranar 3 ga wata da ƙarfe 10:47, kafin nan ta nemi wasu shafuka 31. Matsalar daga wajenka take. Ka karanta sharuɗɗa in kana jin Faransanci."

Ina jin Faransanci, malam, da shi na karanta alkawarinku. In ba ku ajiye komai, daga ina kuka zaƙulo ƙarfe 10:47 bayan kwana 16? Shafuka 31 ɗin nan wa ya ƙirga su? A kwamfutar nan ta 4 ƴan mata ke neman bayanin cutar da suke kunyar faɗa wa likita.

Ku maido min jika 48 ɗina. Ku goge duk abin da kuka tara daga shagona, ku rubuta min a wace ƙasa yake ajiye da wanda kuka ba shi. Kuma ku cire alkawarin nan daga shafinku, don ba ni kaɗai kuka yi wa ba. Daga Tasawa zuwa Madarumfa shaguna nawa ne, makarantu nawa ne suka miƙa muku wuya kamar ni? Kun ɗauka nan ba mai tambaya, kuna karɓar kuɗinmu kuna haɗawa da sirrinmu.

Nijar na da dokar kare bayanan mutane, lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022, akwai kuma HAPDP, hukumar da ke kula da wannan doka, a Yamai. Na cire ku daga na'urar wifi ta shago, na buga amsar ma'aikacinku a takarda tana cikin ambulan. In ƙarshen wata ya yi ban ji daga gare ku ba, da hannuna zan kai ta.

Mai shagon intanet, Ali Ɗan Sofo, Maraɗi