A bayyana mana kuɗin aikin tace ruwa

Ya Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan aikin ruwan sha, wanda a kullum ake muhawara a kansa a majalisunmu na Garwa. Kogin Binuwai na ratsa garinmu, ga madatsar Lagdo da aka kammala tun 1982, amma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mata da yara ne ke jera jarkoki a bakin famfon da ya ƙafe. Mai ƙaramin ƙarfi kuma sai ya sha na rijiya, alhali kowa ya san yadda kwalara ke ɓarna a arewacin Kamaru.

Mun yarda tace ruwa na cin kuɗi. Ana sayo injina, alif da kulorin, ga wutar lantarki. To amma idan kuɗin kwangila ya ƙaru, me zai hana a faɗa mana dalili? Bashi ne ake ciwowa, kuma mu da 'ya'yanmu za mu biya shi.

Ina roƙon hukumomi su wallafa farashin farko da na yanzu, sunan ɗan kwangila, da ranar gama aiki, a karanta a rediyo da Hausa da Fulatanci.

Naka,
Wani mazaunin Yelwa, Garwa