Malam Edita, ba ƙaton cek ɗin nan ne ke haifar da kamfani ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya iyali, ya kuma haƙuri da mu masu sauraro. Ni ɗalibi ne, ina digirin digirgir a nan Grenoble ta Faransa, shekara ta uku kenan, kuma shirinku na kimiyya ba ya wuce ni, a waya nake ji ina cikin taragon zuwa lab. Na makon jiya da kuka yi kan kyaututtukan da gwamnatin Faransa ke ba matasan masu bincike shi ya sa na kasa haƙuri na ɗauko waya na fara rubutu. Shirin ya yi daɗi wallahi, amma mai gabatarwa sai nanatawa yake "sun ci kyauta, sun ci kyauta" kamar musabaƙa aka yi aka raba babur da keken ɗinki, har wani bawan Allah ya bugo waya yana cewa mu ma gwamnoninmu su shirya irin gasar nan a riƙa ba yara miliyoyi. To a nan ne na ce a'a, bari dai in sa baki, tunda abin a gabana ake yinsa.

Gasar da kuka yi magana a kai sunanta i-PhD, an fara ta a 2019, ma'aikatar ilimi mai zurfi da bincike ce ke yi tare da Bpifrance, bankin gwamnati da ke zuba jari a kamfanoni. Ta masu digirgir ce, wanda ya kusa gamawa ko wanda bai jima da gamawa ba. Abin da ba ku faɗa ba shi ne mutum ba ya shiga shi kaɗai don kawai yana da basira. Dole aikin ya fito daga ɗakin binciken gwamnati, dole kuma akwai ofishin da ke mayar da bincike zuwa kasuwa da ya tsaya masa. Kuma babban abin da ake ci ba tsabar kuɗi ba ne, rakiya ce ta shekara guda, a haɗa ka da wanda ya taɓa kafa kamfani ya sha wuya, a koya maka yadda ake magana da masu jari, don mu 'yan lab in ka bar mu sai mu yi awa guda muna bayanin lissafi ba mu faɗi wa zai sayi abin ba. Kuɗin mai kauri yana gaba, a gasar i-Lab, can ne ake iya ba mutum har Yuro 600,000.

Ita i-Lab ɗin tun 1999 take, kuma Malam Edita ka riƙe shekarar nan. A 1999 ɗin ne dai aka yi dokar da suke kira dokar Allègre, sunan ministan lokacin, wadda ta ba ma'aikacin binciken gwamnati damar ya fita ya kafa kamfani da sakamakon bincikensa, kujerarsa tana nan tana jiransa in abin bai yiwu ba. Tare aka haife su, gasar da dokar. Wanda ya san in ya faɗi akwai tabarma a ƙasa ai ba zai ji tsoron hawa bishiya ba.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Abokin zamana a ofis yana aiki kan wata 'yar na'ura, ba ta kai akwatin ashana ba, mai gano guba a ruwan sha. Shekara uku yana kanta. Ya samu gurbi a wani taron masana, ya buga fosta ɗinsa an naɗe a cikin kwali, tikitin jirgin ƙasa ma ya saya, sai ga wata mata daga ofishin nan ta leƙo da kofin kofi a hannu ta ce ya buɗe ta gani. Ta duba ta duba, ta sa yatsa kan zane biyu ta ce waɗannan ba za su fita daga ginin nan ba sai an shigar da takardar fatent, wato rajistar mallakar ƙirƙira. Ransa ya ɓaci sosai, don zanen biyun nan su ne abin alfaharinsa, amma a Turai dokar haka take, da zarar ka nuna abu a bainar jama'a, ko da fosta ce a bango, shikenan ya daina zama sabo, ba za a ba ka mallakarsa ba. Ya sake buga wata fostar ba zanen, ya tafi yana gunaguni. Ranar na gane dalilin da ya sa littafin lab ɗinmu kowane shafi yake da lamba, kake sa kwanan wata da hannu, wani kuma ya sa maka hannun shaida. Da ina ɗauka iyayi ne irin na Turawa.

Kuma tun kafin a fara kowa ya san rabonsa. Fatent na cibiyar da ta ɗauki nauyin binciken ne, wanda ya ƙirƙira yana da kaso rubutacce a doka in kuɗi ya shigo, kamfanin da zai kafa kuma lasisi zai karɓa. Ba sai an je gaban shugaban jami'a ana ranka ya daɗe ba. Sannan akwai kamfanonin da suke kira SATT, guda 13 a faɗin ƙasar, tun 2012 aka fara kafa su, tamu ta nan Linksium sunanta, aikinsu su biya kuɗin wannan tsakanin mai wuya, daga abin da ya yi aiki sau ɗaya a kan tebur zuwa abin da zai yi aiki sau dubu a hannun wanda bai san ka ba.

Wannan tsakanin shi ne duk labarin fasaha mai zurfi, ita ce suke ce wa dip tek. Manhajar kai abinci gida yara uku da laftof za su haɗa ta cikin wata shida. Amma sabon batir ko sabon magani ko sabon faifan silikon, kana iya shekara bakwai, goma, ba ka sayar da ko ɗaya ba, kuɗi na ta fita. Nan kusa da mu a Bernin akwai Soitec, injiniyoyi biyu ne suka fito da shi daga cibiyar binciken gwamnati ta CEA-Leti a 1992, da wata dabarar yanka silikon siriri ƙwarai da aka gano a cibiyar, yau da wuya wayar da ke hannunka ba ta da kayansu a ciki. Ba wai nasu aljanna ba ce fa, takardu a nan sai su sa ka furfura, cinikin lasisi kan ja watanni, da yawan kamfanonin suna mutuwa, wasu in sun yi ƙiba Amurkawa su saye. Sun dai sa wa kansu burin kafa sababbin kamfanonin dip tek 500 a shekara suna ta fama.

Ni kuwa na taɓa cin kyauta a gida, shi ya sa maganar take min zafi. Lokacin ina mastas na haɗa wata na'urar auna danshin hatsi kafin a zuba a rumbu, aka yi baje kolin ƙirƙira na zo na ɗaya. An ba ni allo, an ba ni ƙaton cek na kwali da sai mutum biyu sun riƙe, babban baƙo ya dafa kafaɗata aka ɗau hoto, mahaifiyata har yau hoton na ɗakinta. Kuɗin gaske sai bayan watanni ya fito, shi ma an rage masa tsawo, ya ƙare a bayindin ɗin furojet da kuɗin mota. Wani ɗan kasuwar hatsi ya neme ni da gaske, tambaya ɗaya ya yi, in na zuba kuɗina wa ke da abin, kai ko malaminka ko makaranta? Na yi ofis uku ban samu amsa ba. Malamina kuma, Allah ya saka masa, yana neman ƙarin girma, takarda yake buƙata a mujalla, muka buga komai har zanen ciki. Na'urar tana sito, ƙarshen ganina da ita an ɗora mata tsofaffin kujeru.

Kar a ce ai ƙaramin abu ne nawa. A tuna Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar daga haɗin gargajiya mai masoro da kanumfari da ganyen dawa. Bincike na gaske, har fatent ya samu a Amurka. An ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006, kafin ka ce kwabo kamfanin ya durƙushe a 2008 magani ya ɓace daga kanti, masu sikila suka yi shekaru suna jira. Ba basira aka rasa a nan ba.

Kuma ba wai ba mu da komai ba, akwai NOTAP, hukumar da ke kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta, akwai kuɗin bincike na TETFund, akwai dokar sababbin kamfanoni da aka sa wa hannu a 2022, akwai kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG mai Dala 100,000. Roƙona dai Malam Edita, in za ku sake shirin, ku gayyato ɗaya daga cikin shugabannin jami'o'inmu ku tambaye shi a kan iska: lakcara zai iya tafiya shekara biyu ya kafa kamfani ya dawo kujerarsa? In ɗalibi da malami sun ƙirƙiri abu, kashi nawa ne na ɗalibin, kuma a wace takarda aka rubuta? Fatent na ƙirguwa wajen ƙarin girma ko sai mujalla? Sannan ku nemo waɗanda suka ci irin kyaututtukan nan shekara uku ko biyar da suka wuce, ba na bana masu sabon hoto ba, ku ji ina na'urorinsu suke. In kun rasa wanda zai yi magana ni ga ni, lambata na ƙasan saƙon nan, sai dai a kira bayan la'asar agogon Najeriya don da safe ina ɗakin gwaji ba a shiga da waya.

A gaishe min da duk ma'aikatan sashen.

Naku mai sauraro kullum,
daga Grenoble, Faransa