A Duba Hanyar Dutse Kafin A Tsorata Jama'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ba mu fili mu yi gyara a kan wani labari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Lokaci zuwa lokaci sai saƙon murya ya karaɗe wayoyi daga Garwa zuwa Marwa, ya tsallaka gadar Kuseri ya shiga Njamena, wai masana sun hango wani dutse mai faɗin kilomita kaza a sararin samaniya, kuma ya nufo Duniya. Wani sa'in har jaridu su ɗauka. In aka bi diddigi, ko dai dutsen zai wuce ne daga can nesa, ko kuma ma ɗaya ne daga cikin ƙananan duwatsun da ke kewaya Rana a bayan duniyar Mas, waɗanda hanyarsu ba ta kusanto nan sam. Ba a gane haɗarin dutse daga girmansa, daga hanyarsa ake ganewa, kuma duk mai waya da ɗan data zai iya dubawa da kansa.

Da farko ma'auni. Masu ilmin taurari suna auna nisa da tazarar da ke tsakanin Rana da Duniya, wato kusan kilomita miliyan 150. Ana rubuta ta AU, a littattafan Faransanci na ɗalibanmu kuwa UA. Mas tana wajen AU 1.5 daga Rana, Jupita, wadda malamai ke kira Mushtari, tana 5.2. Akasarin duwatsun da aka sani, waɗanda yanzu sun haura miliyan ɗaya, suna cikin wani zobe ne tsakanin 2.1 da 3.3. Akwai giɓi a 2.5, akwai wani a 2.82, kuma abin da ya kama daga 2.82 zuwa wajen 3.3 shi ake kira gefen waje na zoben.

Ga yadda ake dubawa. Hukumar NASA ta Amurka tana da rumbun bayanai a intanet mai suna Small-Body Database, kyauta ne. A rubuta lamba ko sunan dutsen, sai jeri ya fito. Abu uku ake nema. Harafin a shi ne matsakaicin nisan dutsen daga Rana. Harafin e yana nuna yadda hanyar ta kauce daga cikakkiyar da'ira, sifili na nufin da'ira sak. Harafin q kuwa shi ne mafi kusancin da dutsen ke yi da Rana, kuma ko ba a rubuta shi ba ana iya fitar da shi: a cire e daga 1, a ninka abin da ya rage da a. Idan q ya haura 1.3, dutsen ba ya ma cikin rukunin da ake kira makusantan Duniya. Magana ta ƙare ke nan. Idan bai kai 1.3 ba, sai a nemi layin da aka rubuta Earth MOID, wato mafi ƙarancin tazara tsakanin hanyarsa da hanyarmu. Sai wannan ta gaza AU 0.05, kusan kilomita miliyan 7.5, kuma faɗin dutsen ya kai wajen mita 140, kafin a sa shi cikin waɗanda ake sa wa ido na musamman. Sa ido ɗin ma ba ya nufin zai faɗo.

A gwada da dutse mai lamba 243, wanda ake kira Ida. Johann Palisa ne ya gano shi a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1884, kumbon Galileo kuma ya wuce ta gefensa ranar 28 ga Agusta 1993 ya ɗauko hotonsa. Tsawonsa ya kusa kilomita 60, har da ɗan watansa mai suna Dactyl, mai faɗin wajen kilomita ɗaya da rabi. Nasa a ɗin 2.86 ne, e kuma kusan 0.04, saboda haka q ya kama wajen 2.74. Duniya ba ta yin nisa da Rana fiye da 1.02. Ke nan ko a ranar da suka fi kusa, tsakaninmu da Ida akwai AU 1.7, fiye da kilomita miliyan 250, wato nisan wata daga Duniya sau ɗari shida da wani abu. Mai son sanin tsawon shekararsa sai ya ninka a da saiwarsa ta murabba'i: saiwar 2.86 ita ce 1.69, domin 1.69 sau 1.69 ne ke ba da 2.86, sai 2.86 sau 1.69 ya ba da shekara 4.84. Dubban ƙananan duwatsu masu faɗin kilomita uku, biyar ko goma suna bin irin wannan hanya tare da shi.

Akwai wani tuntuɓe da ya fi kama mutanen yankinmu. Mu da muka yi karatu da Faransanci waƙafi muke sawa a tsakiyar lamba, mu rubuta 2,74. Shafukan Ingilishi ɗigo suke sawa, waƙafinsu kuma na raba dubbai ne. Mai fassara cikin gaggawa zai ga 7,500,000 ya karanta bakwai da rabi, ko ya ɗauki mil a matsayin kilomita. Da yawa daga cikin lambobin ban tsoro da ke yawo a waya irin wannan kuskure ne ya haife su.

Sai batun girma, inda muke so mu ɗan daɗe, domin a nan ne jaridu suka fi buga lamba kamar an sa tef an auna. Ƙaramin dutse a wannan nisa ɗigon haske ne kawai ko a babban madubin hangen nesa. Abin da ake aunawa shi ne haskensa, a mayar da shi lamba guda da ake rubutawa H. Lambar tana tafiya a juye: in ta ƙaru, dutsen ya ƙanƙance, kuma duk ƙarin 5 yana rage faɗi sau goma. Amma haske kaɗai ba ya faɗin girma. Ka haska tocila da dare a kan ƙunshin auduga da kuma buhun gawayi, daga nesa suna iya dawo maka da haske iri ɗaya alhali buhun ya ninka ƙunshin. Dole a san kashi nawa na hasken Rana fuskar dutsen ke mayarwa.

Duwatsun zoben manyan iri biyu ne. Akwai masu duhu, masu yawan kabon, waɗanda galibi ke mayar da wajen kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na haske, kuma su suka fi yawa a gefen waje, irin su dangin Themis da Hygiea. Akwai kuma na zallar dutse, da ake yi wa alama da harafin S, masu ma'adinan olibin da firoksin gauraye da ɗan ƙarfe da nikel, waɗanda ke mayar da kashi 20 zuwa 25. Waɗannan sun fi yawa a gefen ciki. To ga lissafin: a raba 1329 da saiwar murabba'i ta kason hasken, a sake raba amsar da 10 mai ƙarfin H bisa 5, amsar ta fito a kilomita. A ɗauki dutse mai H 13. In na zallar dutse ne mai kaso 0.24, wato kashi 24 cikin ɗari, faɗinsa kilomita 6.8. In mai duhu ne mai kaso 0.057, faɗinsa kilomita 14. Haske ɗaya, amma faɗi ya ninka biyu, girman jiki kuma ya ninka fiye da takwas. Duk wanda ya ga dutse a gefen waje ya ce ai tun da a can yake to mai duhu ne, zai iya kumbura shi haka nan ba dalili.

Me ya kai dutse irin S can waje? Yawancinsu 'yan gida ɗaya ne. A 1918 wani masani ɗan Japan, Kiyotsugu Hirayama, ya lura cewa wasu duwatsu hanyoyinsu sun yi kama ƙwarai, ya kasa su dangi dangi: Koronis, Eos da Themis. Dangin Koronis, wanda Ida ke ciki, yana wajen AU 2.87, hanyarsa kusan da'ira ce, karkatarta ba ta wuce digiri biyu ko uku ba. Ɓaraguzan wani babban dutse ne da ya yi karo ya tarwatse shekaru kusan biliyan biyu da suka wuce. A cikinsa ma akwai ƙaramin reshe, na Karin, da ya fashe shekara miliyan 5.8 kacal da suka wuce. Saboda haka in hanyar dutse ta dace da ta Koronis, kaso 0.24 ake ɗauka, ba na masu duhu ba. Mafi inganci dai shi ne awon zafin da dutsen ke fitarwa. Kumbon WISE, da aka harba a Disamba 2009, ya yi wa duwatsu sama da dubu ɗari wannan awo. In rumbun ya nuna faɗi da kason haske tare, an auna ke nan. In H kaɗai ya nuna, duk faɗin da aka buga kirdado ne, ya kamata jarida ta ce kirdado ne.

Wani zai ce, to ai duwatsu suna faɗowa. Gaskiya ne, kuma ba sai an je nesa ba. A arewacin Cadi akwai ramin Aorounga mai faɗin fiye da kilomita 12, da na Gweni-Fada a yankin Ennedi, duka tabon faɗuwar manyan duwatsu ne tun kafin a yi mutane da miliyoyin shekaru. A zamaninmu dutse ya faɗo a Galim ta Adamawar Kamaru a 1952, a Najeriya kuma a Mayo Belwa a 1974, a Gujba a 1984. Na Zagami a ƙasar Katsina, mai nauyin kilo 18, wanda ya faɗo a 1962, daga Mas ma ya fito. Amma hanyar da ɓallin dutse ke bi daga zobe zuwa nan doguwa ce ƙwarai. Rana tana gasa gefe ɗaya na dutsen, yana juyawa yana fitar da zafin, wannan ɗan turi kuma yana gusar da shi a hankali. Dutse mai faɗin kilomita ɗaya ba ya gusawa ko kashi ɗaya cikin dubu na AU a shekara miliyan. Sai ya gusa ya faɗa ɗaya daga cikin giɓoɓin nan, misali na 2.82, inda dutse ke kewaya Rana sau biyar daidai lokacin da Jupita ke yin biyu, sannan fizgar Jupita ta riƙa miƙe hanyarsa. Waɗanda suka shiga nan ma akasarinsu Jupita ce ke wurgar da su waje ko su faɗa Rana. Kaɗan ne ke ratsowa ta wajenmu, kuma a lokacin sun riga sun canja rukuni, q ɗinsu ya sauko ƙasa da 1.3.

Waɗanda suka cancanci labari su ne makusantan. Na Celiyabinsk a Rasha, a Fabrairun 2013, bai wuce mita 20 ba, amma ya jikkata mutum kusan 1500, yawanci da fasassun gilasan tagogi. Shi kuwa 2024 YR4, mai faɗin wajen mita 60, a Fabrairun 2025 yiwuwar ya bugi Duniya a 2032 ta hau har kashi 3 cikin ɗari, sannan cikin 'yan kwanaki ta sauko kusan sifili da aka ƙara samun awo. Haka lissafin yake yi: yana hawa kafin ya faɗi, domin yankin rashin tabbas yana tsukewa alhali Duniya tana cikinsa, har ya tsuke ya bar ta a waje. Wanda ya buga hawan bai dawo ya buga saukar ba ya bar jama'a da rabin labari.

Ga iyaye da malaman lise, kada wani ya sayar muku da madubi da sunan za ku ga irin waɗannan duwatsu. Dutse mai H 13 a gefen waje, ko a daren da ya fi haske, yana wajen mataki 16.7 a ma'aunin hasken taurari, inda babbar lamba ke nufin dishi-dishi, ido kuwa iyakarsa 6, tabaran hangen nesa na hannu 9 ko 10. Da tabarau ana iya kama Vesta ko Ceres, manya-manyan duwatsun zoben, in lokacinsu ya yi, kuma watan Nuwamba ya fi, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazon hunturu ya rufe sama. Amma aikin gaske ba ya buƙatar madubi. Akwai shiri mai suna IASC da ke raba wa makarantu hotunan madubin Pan-STARRS na Hawai kyauta. Ƙungiyar ɗalibai tana karɓar hotuna huɗu na wuri ɗaya da aka ɗauka a jere cikin dare guda, ta loda su a manhajar Astrometrica, wadda ke aiki a kwamfuta mai Windows. Manhajar tana daidaita hotunan da jadawalin taurari, ta nuna duwatsun da aka riga aka sani, sannan a riƙa haska hotunan ɗaya bayan ɗaya da sauri. Taurari suna tsaye, dutse yana motsi. Kafin a aika rahoto sai ɗigon ya cika sharuɗɗa: ya tafi a miƙe, da gudu iri ɗaya a dukkan hotunan, haskensa bai canja da fiye da mataki ɗaya ba, siffarsa zagayayya ce, kuma ƙarfin haskensa ya ninka hayaniyar hoton, wato dabbare-dabbaren bayan hoton, aƙalla sau biyar. Masu farawa sukan ruɗu da tabon kyamara, da ɗigon da ya bayyana a hoto ɗaya ya ɓace a sauran, da kuma ƙyallin da ke gefen tauraro mai tsananin haske. Duk ba dutse ba ne.

Abin da ke ba da wahala a nan shi ne rezo da wuta. Fayil ɗin hanyoyin duwatsu yana da nauyi, gara a sauke shi da dare tun kafin zangon binciken na IASC ya fara, a kuma sabunta shi, in ba haka ba tsohon dutse zai fito kamar sabo. Kwamfutar hannu mai batir mai kyau ta fi ta tebur. Wanda ya dace da sabon dutse kuma ya yi haƙuri, domin cibiyar Minor Planet Center, mai rajistar waɗannan duwatsu, ba ta ba da lamba ta dindindin sai an sake ganin dutsen a zagaye da dama, abin da kan ɗauki shekaru, kuma sai bayan lambar ake maganar raɗa suna.

Wassalam.

Wasu malaman kimiyya da lissafi,
Garwa, Kamaru.