Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Tarayyar Afirka: Girman Ƙasa Ba Uzuri Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Mahmoud Ali Youssouf.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu mulki: wai cin hanci da rashawa ya gagare su ne saboda ƙasarsu ta yi faɗi, jama'a sun yi yawa, ido ba ya kaiwa ko'ina. Mu da sana'armu bin diddigin kuɗin gwamnati ce, muna roƙon kada Tarayyar Afirka ta karɓi wannan uzuri daga kowa.

Maganar tana da inda ta samo asali. Wanda ya leƙa jadawalin ƙungiyar Transparency International, mai bai wa ƙasashe kimanin 180 maki daga 0 zuwa 100, inda yawan maki ke nufin ƙarancin rashawa, zai tarar da ƙananan ƙasashe a sama. A 2023 Denmak ta samu 90, Finland 87, Singafo 83, a Afirka kuma tsibirin Seshels ne kan gaba da 71. To amma a duba ƙasan jadawalin. Ikwatoriyal Gini, wadda mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, maki 17 ta samu, kuma a 2017 wata kotun Faransa ta samu ɗan shugaban Ikwatoriyal Gini ɗin da laifin halatta kuɗin haram. Jamus mai mutum sama da miliyan 80 tana da 78, Japan mai sama da miliyan 120 tana da 73. Tun a 2003 masana biyu, Stephen Knack da Omar Azfar, suka gano inda gizo ke saƙa: tsofaffin ƙididdigogi suna ɗaukar kusan dukkan manyan ƙasashe, amma cikin ƙananan sai waɗanda masu zuba jari ke sha'awa, wato masu kyakkyawan shugabanci. Da aka saka sauran, alaƙar girma da rashawa ta dusashe.

Abin da girma ke jawowa a zahiri shi ne tsawon tafiyar kuɗi. Kuɗi ya bar baitulmali, ya bi ta ma'aikata, ya sauka jiha ko lardi, ya gangara gunduma, kafin ya isa hannun shugaban makaranta ko jami'in asibiti. Kowane zango akwai mai sa hannu, kuma na ƙarshe sau da yawa bai san nawa aka aiko masa ba, balle ya yi ƙorafi. A Yuganda an bi sawun tallafin da ake ware wa kowane ɗalibin firamare, aka tarar tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin ɗari kacal ke isa makarantu. Gwamnati ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, aka sa makarantu su manna nasu a allon sanarwa. Zuwa 2001 sama da kashi 80 na isa. Iyakar ƙasar ba ta motsa ko taku ɗaya ba.

Brazil, mai mutum fiye da miliyan 200 da ƙananan hukumomi sama da 5,500, ba ta da masu binciken da za su shiga ko'ina. Sai a 2003 ta koma jefa ƙuri'a a bainar jama'a: hukumar da ƙuri'a ta faɗa wa, ita za a bincika, a kuma wallafa sakamakon. Babu mai roƙon a tsallake shi, babu mai cewa bi-ta-da-ƙulli ake masa. Inda rahoton ya fito kafin zaɓen 2004, musamman garuruwan da ke da gidan rediyo, shugabannin da aka kama da almundahana sun sha wuyar komawa kujera.

A Indonesiya kuwa, masanin tattalin arziki Benjamin Olken ya sa injiniyoyi sun haƙa hanyoyin da aka gina a ƙauyuka sama da 600. Suka ciro samfuri, suka auna dutse da yashi da tsakuwar da ke ƙarƙashi, suka kwatanta da abin da aka rubuta a takarda. Ƙauyukan da aka gaya wa tun farko cewa tabbas za a bincike su, maimakon yadda aka saba bincikar kashi 4 cikin ɗari na ƙauyuka kawai, kuɗin da ya yi ɓatan dabo ya ragu da kusan kashi 8 cikin ɗari na kuɗin aikin. Muna jaddada wannan domin rasit kowa na iya rubutawa. Mai binciken da bai bar tebur ya je wurin aikin ba, abin da ɓarawo ya shirya masa kawai zai gani.

Ƙaramar ƙasa ma tana da nata ciwon, kuma ba a cika faɗarsa ba. Inda kowa ya san kowa, mai binciken kuɗi surukin minista ne, alƙali abokin karatun ɗan kwangila ne, ɗan jaridar da ya tona asiri ba shi da wurin ɓuya. Malta, mai mutum kusan rabin miliyan, can aka kashe 'yar jarida Daphne Caruana Galizia da bam a mota a Oktoban 2017, tana tsaka da bincike kan masu mulki. Shi ya sa muke tsoron masu cewa a tsatstsaga manyan ƙasashe ko a ƙirƙiro sababbin jihohi a matsayin magani. Idan aka miƙa kuɗi ƙasa ba a miƙa bincike tare da shi ba, hannuwan da ke taɓa kuɗin aka ƙara.

Ranka ya daɗe, Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan yaƙi da cin hanci ta kafa kwamitin ba da shawara da ke zaune a Arusha, kuma ƙasashe na miƙa masa rahoto. Muna roƙon a daina wadatuwa da jerin dokokin da aka kafa da tarukan da aka yi. Kowace ƙasa, babba ko ƙarama, ta faɗi kashi nawa na kuɗin makarantu da asibitoci ya isa inda aka nufa, kuma ta wace hanya aka auna. Ta faɗi wata nawa rahoton babban mai binciken kuɗi ke ɗauka kafin ya fito fili, domin rahoton da ya zo bayan shekara uku ya tarar mai laifi ya canza ofis. A kuma tambayi wanda ke biyan kasafin ofishin binciken da wanda ke da ikon tsige shugabansa. In ɓangaren zartarwa ne shi kaɗai, a rubuta haka a rahoton, a wallafa shi kowa ya karanta.

Wassalam.

Daga wasu masu binciken kuɗin gwamnati.